Babin Nafaƙar Ɗawisu

Ranar Talatar nan da ta wuce, bayan sallar isha'i, sa'ad da na ɗaga tabarmar falo ina neman murfin alƙalamina, sai na yi kiciɓis da wani ɗan littafin rubutu mai jan bango, irin wanda ake saya wa 'yan firamare, an rubuta a bayansa da manyan baƙaƙe, an kuma ja layi biyu a ƙarƙashi: Kasafin Albashin Farko. Mai littafin kuwa ɗan ƙanwata ne, wanda uwarsa ta ɗoro mini shi a mota daga Funtuwa yau mako shida, da buhun masara guda, da ambulan ruwan ƙasa cike da takardu, da saƙon baka cewa, "Yaya, ga ɗanka nan ya gama bautar ƙasa, sai ka sa shi a wani ofishi," kamar dai ofisoshin Gwamnatin Tarayya akurkin kaji ne, mabuɗin kuma yana aljihuna. Na san leƙen asirin mutum abin ƙi ne a shari'a, amma tun da a ƙarƙashin tabarmata na tsince shi, tabarmar kuwa ni na biya kuɗinta, sai na yi wa kaina fatawa mai sauƙi, na gyara tabarau, na buɗe.

Yaron nan, wanda har yau ko maigadin ma'aikata ɗaya bai riƙe sunansa ba, ya yanka wa kansa albashin naira 450,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne, alhali kuma ni da na shekara talatin da uku ina kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan ban taɓa ganin wannan adadi a wata guda ba sai in na ci wake da yawa na yi mafarki. Duk wannan bai tayar mini da hankali ba, domin buri ba a biya masa haraji. Na bi layi layi ina jinjina kai: hayar gida a Gwarimpa, man mota, Umara ga mahaifiyarsa, adashen lefe, ko da yake amaryar, a iyakar bincikena, ba ta san da zancen ba. Har na iso layi na goma sha ɗaya, inda aka rubuta, "Abincin ɗawisu, 12,000." A ƙarƙashinsa, layi na goma sha biyu, "Kawu, 5,000."

Na cire tabarau na goge da bakin riga, na mayar, rubutun bai sauya ba. Watau ni, da na ba shi tabarma da matashi, nake kuma ba shi tuwon dare da kuɗin mota kowace safiya, an ɗora ni a mizani tare da tsuntsun da ba a saya ba, wanda mai yiwuwa ne ƙwan da zai fito daga cikinsa ma ba a nasa ba tukuna, aka iske ban kai rabin nauyinsa ba. Na lalubo ilmin rabon gado da na ɗan taɓa a zaure ina yaro, na duba rabi da rubu'i da sumuni, na duba sulusani da sulusi da sudusi, ban ga inda aka ambaci kashi biyar cikin goma sha biyun ɗawisu ba. Sai can na tuna cewa a mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya kawu ba ya ma cikin magada, nan jikina ya ƙara sanyi, don na gane dubu biyar ɗin nan ma alfarma aka yi mini.

Da asuba, bayan an sallame, na tsare limamin unguwarmu a ƙofar masallaci, na shimfiɗa masa mas'alar ba tare da na kama sunan kowa ba, ina sa rai zai yi salati ya ce 'ya'yan zamani sun lalace. Malam ya sunkuyar da kai, ya ja carbi kamar ƙwaya uku, sa'an nan ya ce, "Alhaji, ai wannan yaro faƙihi ne. Nafaƙar da ta wajaba a kan mutum ita ce ta matarsa, da 'ya'yansa ƙanana, da mahaifansa idan matalauta ne, da dabbar da ya mallaka idan ba ta da wurin kiwo. Kawu ba ya ciki. Abin da aka ba shi sadar da zumunci ne, akwai lada, amma alƙali ba ya tilastawa." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ɗawisun babu shi." Ya ce, "Albashin akwai shi?" Na yi shiru. Ya ce to, in babu asali ina reshe zai tsaya, in koma gida in ci gaba da ba yaro tuwo. Tun daga ranar, in kazar maƙwabta ta yi kuka, sai in ji kamar dangin kishiyata ne ke yi mini habaici.

Daren Laraba haƙurina ya ƙare, na tambaye shi. Bai ji kunyar an ga littafin ba, bal ma murna ya yi da ya sami mai karatu. Ya ce, "Kawu, Allah ya ƙara muku girma, ranar da na bi ta Maitama na ji kukansa daga bayan wata katanga, maigadin ya ce mini maigidan guda huɗu gare shi. Mota kowa yana iya hawa ta aro, amma ba a aron ɗawisu." Na ce ina zai ajiye shi? Ya ce a farfajiya, daura da ɗakin da zai gina mini in na yi ritaya. Ya faɗi wannan magana fuska wasai, ba ɗigon shakka, yana goge takalmin da gobe zai taka daga Sakatariya har Area 1 cikin rana domin ya rage kuɗin mota. Da ya gama ya miƙe a tabarma, kafin in kai ƙofar ɗaki har ya fara minshari, ni kuwa da ke da gado da katifa na kwana ina lissafin watannin da suka rage hayata ta cika.

A cikin wannan lissafi ne na gane yaron ya fi ni fahimtar garin nan, ko da bai sani ba. Duk wanda ya taso ta hanyar Kaduna ya hango Dutsen Zuma sai ya ɗauka ya iso, ya manta hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma babu mai gaya masa cewa dutsen nan, da ke jikin takardar naira ɗari wadda yau ba ta sayen ƙwai guda, a Jihar Neja yake zaune. Sunan birnin ma aro aka yi daga garin Abu Ja, wanda ya koma Suleja bayan dokar Janar Murtala ta 1976. Kawun da ake kira Alhaji na Abuja a Funtuwa kuwa, a Mararraba yake kwana, cikin Jihar Nasarawa. Malamai sun ce ba a hawa kan yaro da taklifi sai ya balaga, suka kuma lissafa alamomi, har da kaurin murya da cika shekara 18, amma da sun zauna a garin nan da sun ƙara fasali. Balagar Abuja tana zuwa ne ranar da dillalin gida ya ce a biya hayar shekara guda a dunƙule, a ɗora kason dillali, da na lauya, da na ko-ta-kwana, a kan ɗakin da ko famfo babu. Tana kammala ranar da mutum ya fito tun kafin kiran assalatu don ya riga cunkoson Nyanya da Kugbo, ya tarar duk garin ya riga shi wannan dabara. Kafin wannan rana, ko gemun mutum ya kai cibiya, ba a rubuta masa komai.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu, manya, da kalmar nan tamu guda biyu, "kawo takardunka." Yaro ya durƙusa ya gaishe ka a wurin ɗaurin aure, ka ce ya kawo takardunsa, ya tare ka a bakin masallacin Juma'a, ka ce ya kawo takardunsa, ya kawo, ka karɓa da hannu biyu ka ce za a duba, alhali kai da shi da mala'ikun da ke kafaɗunka, shi kaɗai ne bai san inda za su kwana ba. Ni na san inda suke kwana, domin a watan jiya na sayi tsire a bakin titin Mararraba, aka naɗe mini shi a cikin tarihin rayuwar wani bawan Allah mai digiri a fannin tattalin arziki, wanda ya rubuta cewa yana sha'awar karatu da tafiye-tafiye, kuma lalle takardarsa ta yi tafiya. Na tambayi mai tsiren, sai ya yi mini bayani irin na masana: jarida tana zubar da mai, takardar jarrabawa tana yagewa in ta ji zafi, amma takardar neman aiki ba ta da na biyu, fara ce sol, mai kauri, tana riƙe ƙuli da yaji har gida, don mai neman aiki ko bai ci abincin rana ba sai ya buga a takarda mai kyau. Ya ce ta 'yan digiri na biyu ta fi albarka, shafi uku ce, tana ɗaukar tsiren dubu biyu.

Na yi dariya a wurin, amma naman bai wuce mini da daɗi ba. Ranar Asabar 15 ga Maris, 2014, irin waɗannan yara ne, kowanne da ambulansa, suka cika babban filin wasa na Abuja domin jarrabawar shiga aikin hukumar shige da fice, bayan an karɓi naira dubu daga hannun kowane ɗaya, su dubban ɗaruruwa a faɗin ƙasa, guraben kuwa ba su kai dubu biyar ba. Aka yi turmutsitsi a ƙofa, waɗansu gawarsu aka kai gida. Su ma akwai mai littafi a ƙarƙashin tabarmar wani. Kuma bayan mun yi haka, mu ne za mu zauna a inuwa muna cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka, ba ma faɗin wanda ya hura ta ya kuma rufe ta da toka.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ni ma a aljihun teburina akwai ambulan goma sha tara, duk na ce za a duba. Kuma sa'ad da na iso garin nan a 1992, 'yan watanni bayan gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, ni ma da nawa littafin na zo, sai dai nawa ingarman doki ne, da sirdi da jalala, wanda zan riƙa kai wa hawan salla a Katsina. Aka sayar da gidajen ma'aikata a zamanin Obasanjo ban samu ba, aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 na jingine 'yar motata, ga shi saura shekara biyu in cika talatin da biyar in ajiye aiki, ingarma bai ko yi haniniya ba. Amma har yau ban manta sunan da na raɗa masa ba, kuma babu wata shekara a rayuwata da ta kai shekarar da nake kiwonsa a takarda daɗi. Saboda haka wa'azin da na shirya wa yaron, mai babi uku da hatima, na naɗe shi na ajiye, dillalin gida zai karanta masa kyauta.

Abin da na yi maimakon haka, jiya da daddare, bayan dogon tafakkuri a kan cewa a garin nan duk wanda aka damƙa wa kasafin abincin wani shi ke fara ƙoshi, shi ne na tari yaron yana goge takalmi, na ce ina neman gurbin mai kiwon ɗawisu, a haɗa mini layi na goma sha ɗaya da na goma sha biyu. Ya ajiye burushi, ya dube ni sama da ƙasa da wata irin natsuwa da ban san inda ya koyo ta cikin mako shida ba, ya ce, "To, Kawu, ku kawo takardunku, za a duba." Gobe in Allah ya kai mu zan zaro ambulan guda daga cikin sha taran nan.