Yadda Za Ka Zama Ɗan Gayun da Ake Kwatance da Shi a Kano

Ɗan'uwa, tunda ka ƙudurta barin sahun masu cewa "ko wanne na samu sai in zura", kana son shiga sahun waɗanda in sun gifta majalisa ake katse hira a raka su da ido, to gyara zama. Ni dai ba ɗan gayu ba ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya tona ni. Amma na kashe shekaru a kan bencin wani tela a unguwarmu, na ga samari sun shigo da fara'a sun fita suna haɗiyar zuciya, don haka ina da abin faɗa.

Fara cire wa ranka cewa gayu a jikinka yake. Gayunka yana hannun mutum huɗu: tela, mai guga, mai wankin hula da mai aski. Kai maratayi ne kawai da suke baje kolin aikinsu a kai. Ranar da ka ɓata da ɗaya daga cikinsu, ranar gari zai ga ainihin siffarka.

Tafiyar daga Kantin Kwari take farawa. In ka shiga, kada ka yarda a gane kai sabon shiga ne, don ɗan kasuwa daga yadda ka taɓa yadi yake yanka maka farashi. Kama gefen shaddar da yatsa biyu, ka murza, ka kai ta hanci, ka ɗaga ta wajen haske, sannan ka girgiza kai a hankali ka ce, "Alhaji, ba irin wannan nake nufi ba." Ba dole ne ka san irin wadda kake nufi ba. Shi zai shige ciki ya ciro maka Getzner, wadda kowa ke kira gezna, ya shimfiɗa ta a gabanka kamar mai nuna amarya. To ga abin da za ka haddace don amfanin majalisa: a garin Bludenz ake saƙa ta, can cikin duwatsun ƙasar Ostiriya, kamfanin kuma tun 1818 yake. Gari ne da dusar ƙanƙara ke zuba, ba kuma za ka ga mai babbar riga a titinsa ba, amma su ne ke yi wa angwayenmu sutura. In ka gama jin farashinta ka dawo hayyacinka, sai ka ce za ka zaga ka dawo, ka lallaɓa layin baya ka sayi 'yar China mai kama da ita. Bambancinsu ba ya fitowa sosai sai a wanki na uku. Saboda haka kada ka bari a kai wanki na uku a gaban shaidu.

Kaftani da wando yadi biyar ne, babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa goma. Ko da kai siriri ne kamar sillen kara, tela zai ce maka da ƙyar ya isa. In ranar Sallah ka ga ƙaramin ɗansa sanye da 'yar riga launin taka sak, kada ka ce uffan. Shafa kansa ka ba shi goron Sallah, anko kuka yi.

Tela kuwa sai mun daɗe a kansa, don shi ne uban tafiyar. Yana da harshensa na daban, kuma duk wanda bai koye shi ba zai yi ta zarya a banza. In ya ce "saura maɓalli", bai yanka ba. In ya ce "yana wajen mai aiki", ya manta inda ya ajiye. In ya ce "wuta ce babu, yallaɓai", to wannan gaskiya ne, sai dai ko da akwai wutar ba naka zai ɗinka ba. In kuwa ya dube ka ido cikin ido ya ce "gobe in sha Allahu", ka lura da kyau, bai ce wace goben ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: kayan ƙaramar Sallah tun kafin a ga watan azumi ake kai su. Ni na taɓa yin ganganci na kai nawa ranar goma ga azumi. Daren jajibere, wajen ƙarfe biyu, mu bakwai ne jere a benci, ba mai yi wa wani magana, kowa na kallon keken ɗinki kamar masu jiran sakamakon asibiti. Yaron shago ya ce mana oga "ya je ya dawo". Can na hango shaddata a kusurwa, a naɗe yadda na kawo ta, wani ɗan koyo ya yi matashin kai da ita yana sharar barci. Da kayan bara na je idi. Da aka tambaye ni, na gyara wuyan riga na ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Riƙe wannan amsar, za ta yi maka rana.

Hula ita ce sa hannun ɗan gayu, kuma dole ka san sunayenta ko da guda biyu gare ka: ƙube, damanga, tangaran, minista, dara, sai uwa-uba zanna bukar, wadda ta samo sunanta daga Zanna Bukar Dipcharima, ɗan Borno da ya yi minista a jamhuriya ta farko. Ka ga kenan hula tana iya riƙe sunan mutum fiye da muƙaminsa. Shehu Shagari ya yi shugabancin ƙasa daga 1979 zuwa 1983, har yau kuwa in an ga doguwar hula shi ake tunawa. A nan Kano ka yi hattara da ja. Tun zamanin Malam Aminu Kano jar hula take magana, yanzu kuma Kwankwasiyya ta ƙara mata murya. In ka sa ta don kawai ta dace da takalminka, kafin ka kai bakin titi wani ya jinjina maka, wani ya harare ka, alhali kai ɗaurin aure za ka.

Hular kirki da allura ake ɗinka ta, zare bayan zare, sai ta ci makonni a hannun mai ɗinki. Don haka mai wankin hula ba abokin wasanka ba ne. Tsaya wata rana ka kalli aikinsa: ya jiƙa, ya goge da buroshi, ya sa sitaci, ya kifa ta a kan katako, ya jera su a rana kamar kawunan mutanen da suka zo taro suka bar jikinsu a gida. Ya san girman kan duk namijin da ke unguwar, ya kuma san wanda hularsa ɗaya ce tal. Biya shi a kan kari. In ba haka ba wata Juma'a zai miƙo maka ta wani mai ƙaton kai, ka yini tana sauko maka kan gira.

Babbar riga kuma kada ka yi gaggawar shigarta. Aska biyu, aska takwas, malum-malum, aikin hannun Zariya da ake wata da watanni ana yi, duk suna da kyau a jikin wanda ya iya saɓa su. Saɓawar ita ce ilimin. Shiga ɗaki ka kulle ƙofa, ka yi ta jefa hannun rigar kan kafaɗa har ya zama kana yi ba tare da ka katse magana ba. In shaddar ta fara dusashewa, kai ta wajen masu bugu su daka ta a kan gungume, sheƙinta ya dawo. Akwai su a wajen marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin garin nan har Timbuktu da Tarabulus ake kai su. Wato kakanninka ne suka tufatar da Sahara, kai kuma ga ka kana ciniki a kan 'yar China. Wannan ma ka faɗa a majalisa, amma rabin farko kawai.

Matsalar babbar riga ɗaya ce: ba ta jituwa da adaidaita sahu. Ko gefenta ya leƙa waje ya sha taɓo, ko wata baba mai kwandon tumatir ta zauna a kai. In ba makawa, sauka tun saura layi guda ka isa wajen ɗaurin auren, ka kakkaɓe, ka taka a hankali kana kaɗa makulli a yatsa. Ba wanda zai matso ya duba ko na mota ne ko na kwaɗon ɗakinka.

Wajen aski, in kana da wanzamin gado mai zabira, ka riƙe shi, askarsa ba ta jiran wuta. In shago kake zuwa, kafin ka zauna ka tambaya ko akwai mai a janareta. Na san wanda ya yi tafiyar layi uku da rabin kai, hula a dafe. Gemu da saje a daidaita su, a shafa musu mai, amma kada ka manta da ƙasa. Hunturu ba ya jin kunyar kowa: sai ka ga mutum sama gezna, ƙasa kuwa diddige ya yi faso har ana iya ɓoye kwabo a ciki. Dutsen goge kaushi da man kaɗanya ba su kai kuɗin maɓallin rigarka ba.

Turare kuma a yi shi da tausayi. In ka shiga masallaci sahu biyu suka yi atishawa, ya yi yawa. Kada ka raina Bint el Sudan, wato Binta Sudan ta ɗakin kaka, don tun 1920 take kasuwa, ta ga zuwan turaruka masu dogon suna ta kuma ga tafiyarsu. In aljihu ya yi sanyi, bi ta gaban masu turare bayan an idar da Juma'a. Kowanne zai ɗiga maka a bayan hannu don ka ji. Ka shinshina, ka yi jim, ka ce "akwai dai saura", ka matsa gaba. Kafin ka kai ƙarshen layi ka haɗa ƙamshin da babu mai irinsa a Kano.

Daga nan sai girma. Zauna a majalisa bayan la'asar, ka rage magana, ka yawaita kallo. In wani ya wuce ya ɗau wanka kowa na yabawa, kai ka ce, "Ɗinkin ya yi, hular ce ta ci amanarsa." Kafin wata uku za a fara cewa a tambaye ka. Angwaye za su zo ka zaɓar musu ankon abokai, kai kuma ka kai su wajen Alhajinka na Kwari da telanka, la'adarka ta fito ta ɓangare biyu. Daga ranar ka daina sayen yadi da kuɗinka.

Sai abu guda da ba makawa zai same ka: haɗuwa da tela a wajen biki alhali yana bin ka ciko. Kada ka ɓuya, ya riga ya gane ɗinkinsa tun daga nesa. Tare shi da murna, ka kama hannunsa ka ɗaga, ka ce da jama'a, "Ga mai aikin nan, duk Kano babu kamarsa!" Ba zai iya yi maka zancen kuɗi a gaban sababbin masu kawo ɗinki ba. Na gwada wannan a kan nawa watan jiya. Ya yi ta murmushi har aka shafa fatiha, sannan ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam, yaushe zan ga cikon nan?" Na dube shi ido cikin ido na ce, gobe in sha Allahu.