Zuwa ga Sarkin Dankali, mahayin burji

Bazazzage, ka ci amanar kwalta.

Kai ne fa wanda in motar haya ta sauka daga titi ta hau burji, bakinka ba ya rufuwa har a isa ƙauye: gwamnati ta gaza, kansila ya cinye kuɗin hanya, ƙura ta ɓata maka farar shadda. Da Turanci kake tsinuwar ma, don direba ya san ɗan boko ya ɗauko. Yau ga ka a Boise, babban birnin jihar Idaho ta Amurka, inda kwalta ta kai har bakin ƙofarka, amma ka zuba kuɗin da za su sayi babur sabo dal a kan keken da aka ƙera musamman don a kauce wa kwalta a bi tsakuwa. Allah ya shirye ka, Sarkin Dankali. Za ka ce Bakano ba ya gane abin da babu riba a cikinsa. Na riga ka faɗa, sai ka nemi wata.

Bari in kwatanta wa jama'a keken, tunda kai in ka fara bayani sai an ɗauko ƙamus. Kansa lanƙwasasshe ne irin na keken tsere, amma tayarsa ta fi kauri, wajen milimita 40, da 'yan ƙuraje a jikinta don ta kama ƙasa. Birkinsa na faifai ne. Ba kariya, ba wurin goyo, ko abin tsayar da shi babu, sai dai a jingina shi da bango. Ba ya ɗaukar buhun masara, ba ya kai yaro makaranta. Baba, Allah ya jiƙansa, da Raleigh mai giya ɗaya yake cin kasuwannin ƙauye, kaya a baya, kai a gaba kana gyangyaɗi, kuma bai taɓa kiran abin wasanni ba. Kai kuwa sai ka sa hular kwano da baƙin tabarau da wani matsattsen wando mai soso a mazaunai, ka fito tumbi gaba kamar alalar leda. Kar ka ɓata rai, wandon ya yi maka kyau. Daga nesa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne tayar. Babu tif a ciki, wani farin ruwa mai kauri ake ɗura mata, in ƙaya ta huda sai ruwan ya bi ramin ya toshe shi da kansa. Wace ƙaya ce ta sa mutanen Boise wannan dabara ta zame musu dole? Tsidau. Shi dai wanda ka sani, wanda yake sa ka ɗingishi a hanyar makarantar allo. Ya cika musu gefen hanya da kangon fili, har masu sa kai suke fita suna tumɓuke shi a buhu-buhu da rani, har bikin keke suke yi da sunansa a garin. Ka haye teku, ka canza lafazi, ka je ka tarar tsidau ya riga ka samun takardar zama.

Da idona na gani lokacin da na zo maka. Muna gindin tudun Camel's Back, kana yi mini lacca a kan yawan iskar da ta dace da tsakuwa, sai tayar baya ta ce fiii. Farin ruwan nan ya yi tsartuwa ya wanke maka gemu. Ka ɗaga keken kana juya tayar, ka mai da hujin ƙasa, ka danne da babban yatsa kana salati, da Hausa tsantsa kuwa, Turancin ya gudu. Ka waiga hagu ka waiga dama, babu mai faci a gindin dalbejiya da kwanon ruwansa da gwangwanin sholisho. Ruwan dai ya yi aikinsa, ramin ya toshe. Gemun ne bai koma daidai ba sai da muka je gida.

Amma gaskiya ɗaya ce, wurin ya yi. Inda layin unguwa ya ƙare, nan tudu ya fara, mutum ya tashi daga aiki ya hau keke, kafin gumi ya keto masa ya bar gari a ƙasa. Hanyoyin da suka ratsa tuddan nan, waɗanda ake kira Ridge to Rivers, sun haura kilomita 300, kuma hukumar birni da ta gundumar Ada da hukumomin tarayya masu kula da filaye da dazuzzuka ne suka haɗa hannu suke riƙe da su. Ba kuma daga sama abin ya faɗo ba. A 2001 mutanen garin suka kaɗa ƙuri'a a ƙara musu haraji, a tara dala miliyan 10, a sayi filayen tuddan a bar su ba gini. A 2015 suka sake amincewa da wata miliyan 10. Ka ji fa, mutum ya ce a ƙara masa haraji don a sayi fili a bar wa ciyawa. Ni da na tsaya a can sama, fuloti nake ƙirgawa a zuci, har na yanka shaguna a bakin hanya. Yi dariyarka, na ba ka wannan. Mu Dala da Goron Dutse gidaje sun yi musu zobe. To amma ku da Kufena ke tsaye a bayan gari tun kafin a haifi kakanka, yaushe ka taɓa hawansa? Sai da ka ga Bature yana haki a kan tudu sannan tudu ya yi daraja.

To, mu zo kan hanyoyin da kake cika mana baki da su a waya. Rocky Canyon ita ce wadda ba ka gajiya da ambato. Kwalta takan raka mutum ɗan nesa kaɗan sannan ta sallame shi, tsakuwa ta karɓa, hanya ta bi gefen rafi tana hawa a hankali, sai can gaba ta miƙe tsaye har ƙolin Aldape, hawan da ya fi mita 600 daga cikin gari. Tsohuwar hanya ce ta masu neman zinariya da ke zuwa Idaho City bayan an gano zinariya a yankin a 1862. Su da alfadarai da amalanke suka bi ta, cikin dusar ƙanƙara da yunwa. Kai da giya fiye da goma, da gorar ruwan zaƙi biyu, da agogon da ke ƙirga bugun zuciyarka, inda hawan ya fara tsanani nan kake tuna kana da taro. Wai agogo ne ya ce ka huta. Da gangarowa kuma gargada ta karɓe ka, haƙora na haɗuwa, hannu ya mutu a kan birki. Wannan gargadar ce kake rubuta wa gwamnati takardar koke a kanta a gida.

Akwai ta 8th Street, wadda ta taso daga tsakiyar gari ta rikiɗe ta zama turɓaya ta haye har kan tsaunin. Ita ko a baki ba ka cika son ta ba. Ta Bogus Basin kuwa kwalta ce, wajen kilomita 26 ana hawa, sama da mita 1,000, kuma a garin nan Kristin Armstrong take, wadda ta ci zinariyar Olamfik a tseren keke a 2008 da 2012 da 2016, ta ƙarshen tana da shekara 42, da ɗanta. Ka girme ta da ci, ta girme ka da ƙafa. Inda kake zuwa tsakani da Allah ai na sani: shimfiɗaɗɗiyar hanyar bakin kogi, mai kilomita 40, ba hawa ba gangara, inda tsofaffi ke yawo da jikoki. Daga nan ka karkata gindin tudu, ka ɗauki hoto, ka turo mana da dogon sharhi.

Dokokin wurin ma sun fi ƙarfinka. Ƙasar tuddan akwai yumɓu, in ta jiƙe taya ta bi ta kai, sawun yakan bushe ya zama rami ya lalata hanya, don haka ƙa'idar ita ce in ka ga kana barin sawu ka juya. Da hunturu sai dai a yi sammako a hau tun ƙasa na daskare, kafin rana ta narkar da ita. Kai da sanyin Samaru ke sa ka riga uku da hular sanyi, wa zai tashe ka? Mai keke shi ke kauce wa mai tafiya a ƙasa da mai doki, mai gangarowa ya tsaya wa mai hawa. A hanyar Lower Hulls Gulch har kwanan wata aka raba: ranakun 1 da 3 da 5 da sauransu na masu gangarowa da keke ne, sauran ranakun na masu ƙafa da masu hawa. Wannan ta yi maka daɗi, don ka samu sabon uzuri. Duk ranar da aka tambaye ka, ba ranarka ba ce.

Saura labarin tumaki, wanda ka ɓoye mini uwargida ta tsegunta. Wajen watan Afrilu garken tumaki kan ratsa tuddan zuwa makiyayar sama, sana'ar da mutanen Basque na Sifen suka yi suna da ita a Idaho, yanzu kuma galibi makiyaya daga Peru ke yi. Tare da garken akwai wasu manyan fararen karnuka masu gadi. Shawarar da ake ba mai keke ita ce ya sauka, ya sa keken tsakaninsa da karen, ya yi masa magana a natse don ya gane mutum ne. An ce ka sauka, ka kare da keken, har nan ka ci jarrabawa. Wajen maganar ce ka tsaya yi wa kare gabatarwa da matakin karatunka, shi kuwa ya shinshina wandon ya yi gaba abinsa. Ban ga laifinsa ba.

Ga sharaɗina, mutumina. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka bana, ka hau Rocky Canyon har Aldape da ƙafarka, ka turo hoto kana can sama, ba mota a bayanka, ba wanda ya tura ka. In ka yi, kilishi da dambun nama na wuyana, har Idaho. In ka kasa, ka sa keken a kwantena ka aiko Kano, akwai mai waldan da zai sa masa kariya, yaron shago ya riƙa kai kaya Kwari da shi. Wandon ka riƙe abinka. A gaida uwargida, ka kuma gaya mata ita ce shaidata.