Ire-iren Masu Tayar da Tsohon Kibod

Cikin tsofaffin kibod, IBM Model M, wanda kamfanin IBM na Amurka ya fara fitarwa a 1985, ya fi kowanne tara masoya. Nauyinsa ya kai kilo 2, kuma a ƙarƙashin kowane maɓalli akwai sifirin da ke lanƙwashewa ya yi ƙara idan an danna. Cikas ɗinsa a yau shi ne bakin wayarsa: yawanci PS/2 ne, kwamfutocin zamani kuwa USB suka sani. Masu ɗawainiyar tayar da shi iri-iri ne.

Sarkin Tsafta shi ke fara aiki. Yakan tuge maɓallansa 101 kaf, ya jiƙa su a ruwan sabulu mai ɗumi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Sai sun bushe yake tuna bai ɗauki hoton jerinsu ba.

Ɗan Arha kuwa yakan sayi ƙaramar adafta mafi sauƙin kuɗi, wadda canza baki kawai take yi. Model M na buƙatar wadda ke da ƙwaƙwalwa a ciki, mai mayar da saƙon PS/2 zuwa na USB. Kafin ya yarda da haka ya sayi marasa amfani har kuɗinsu ya zarce na mai kyan.

Mai Huda ya fi kowa zurfi a harkar. Farantin ƙarfen da ke cikin kibod ɗin da ƙusoshin roba aka manne shi, tsufa kuma na karya su, sai maɓallai su yi laushi. Maganin shi ne a yanke ragowar, a huda, a ɗaure da noti. Gyara ne na gaskiya idan ƙusoshi da yawa sun zube. Shi dai ko biyu ne suka karye, ya riga ya kunna na'urar huda, domin ba lafiyar kibod ɗin ce ta dame shi ba, hannunsa ne ke ƙaiƙayi.

Malam Asali ba ya gyara komai. Aikinsa juya kibod ya karanta ranar ƙira a takardar da ke bayansa. Wanda kamfanin Lexmark ya ƙera bayan 1991 kallon ɗan riƙo yake masa, na kamfanin Unicomp kuwa, da ke ƙera irinsa tun 1996, ko gaisuwa babu.

Mai Kunne don ƙarar ya shigo. Yana naɗarta a waya yana tura wa mutanen da ba su tambaya ba. Idan iyali suka kai ƙara, yakan cusa zaren sakace a cikin sifirin don rage amon, yana yi yana ƙunƙuni.

Dukkansu, ranar da kibod ya tashi, sukan tarar ba shi da maɓallin Windows, sai a koma gardamar wane maɓalli za a sadaukar. Yawanci Caps Lock ake yankawa.