A Bar wa Maigida Karkataccen Allonsa

A Amurka, musamman a jihohin Ohayo da Kentaki da Indiyana, akwai wani wasa da ake kira konhol, wanda manya da gemunsu suke ƙarar da yini guda a kansa ranar hutu. In ka ji bayaninsa sai ka yi dariya. Alluna biyu ne na katako a kishingiɗe, kowanne da rami ɗaya, ana ajiye su suna fuskantar juna da tazarar ƙafa 27, sai a tsaya gefen wannan ana jefa 'yan jakunkunan masara zuwa wancan. Jakar da ta faɗa rami maki 3, wadda ta kwanta a kan allo maki 1, wadda ta fara taɓa ƙasa ta tafi a banza. Kowane ɓangare jaka 4 gare shi, a ƙarshen zagaye a cire makin mai kaɗan daga na mai yawa, wanda ya riga kai 21 ya ci. Tun 1883 wani mai suna Heyliger de Windt ya yi rajistar wasa mai kama da shi, sai dai raminsa mai kusurwa huɗu ne, kuma a yammacin birnin Sinsinati ne wasan ya yi ƙarfi kafin ya game ƙasar. Yau allunan suna nan jibge a kantuna. Duk da haka, kowace shekara in bikin ƙasa na 4 ga Yuli ya matso, sai ka ga magidanta sun sha alwashin da hannunsu za su haɗa nasu. Ni dai ina bayan waɗannan bayin Allah, kuma dalilina shi ne yawancinsu ba su iya ba.

Bari mu bi maigida daga farko, don hujjata tana cikin ɓarnar da zai yi. Ƙa'ida ta ce faɗin allo inci 24, tsawo inci 48. Fallen filawud ɗaya mai ƙafa 4 da ƙafa 8 yana fitar da fuskar allo huɗu, shi kuwa biyu yake buƙata, sai ya dawo gida yana murna wai ya sami rara. Bai san rarar nan kuɗin makaranta ba ce. Daga nan sai firam ɗin da zai ɗauki fuskar, wanda ake yi da katakon da kafintocinmu ma suke kira tubaifo. Duk mai hankali zai ɗauka kaurinsa inci 2 ne, faɗinsa inci 4. To a Amurka, bayan an busar da shi an goge, inci ɗaya da rabi ne da inci uku da rabi, sunan kawai aka bar masa. Maigida ya zauna da fensir a kunne ya yi lissafi mai tsabta na tsawon katakon da zai gitta tsakanin gefunan firam biyu: 24 a cire 4 saura 20. Tun da shi mutum ne mai tsari wanda ba ya son ɓata lokaci, sai ya jera katakan gittawar nan huɗu ya yanke su gaba ɗaya. Sai ya zo haɗawa ya ga fuskar ta yi wa firam rata da inci guda cur, don amsar 21 ce. Ya sake aunawa, ya zargi tef, ya zargi mai sayar da katako, ya ɗauki makullin mota.

Ramin shi ne babbar jarrabawa. Faɗinsa inci 6, tsakiyarsa inci 9 daga bakin sama, inci 12 daga kowane gefe. Tsakiyarsa aka ce, amma da yawa bakinsa suke aunawa, sai ramin ya gangaro da inci 3 ba wanda ya lura sai baƙi sun zo. Wajen hudawa hanya biyu ce, kowacce da nata sharrin. Akwai zagayayyen zarton da ake ɗaura wa injin huda katako, wanda in haƙoransa suka cije sai ya tsaya cak, injin ya murɗe wuyan hannun mai riƙe da shi. Akwai kuma ƙaramin zarton lantarki mai bin zane, wanda maigida zai kifa murfin tukunya ya zagaye da fensir ya bi, ya tashi da rami mai kumburi gefe ɗaya. Ya sa sanfefa ya gyara nan, can ya lotsa, ya gyara can, har ramin ya kai inci 7. Ƙafafu kuwa, aikinsu su ɗaga bayan allo inci 12 daga ƙasa, a ɗaure su da noti yadda za su naɗe ciki in an gama. In ba a zagaye kan ƙafar ba, ba za ta juya ba. In ba a yanke gindinta a karkace ba, ba za ta zauna ba. Ya rage ta hagu, ta dama ta fi tsawo. Ya rage ta dama, ta hagu ta fi. Haka zai yi ta sulhu tsakaninsu da zarto har allon ya sauko zuwa inci 10, daga ƙarshe ya ninke kwali ya cusa ƙarƙashin ɗaya, ya ce da yara kada wanda ya taɓa. Sai fenti: in sheƙi ya yi yawa jaka ta sulale ta faɗa baya, in ya yi kaɗan ta maƙale inda ta sauka.

To me ya sa nake kare wannan abin kunya? Don wasan dangi ba neman gwani ake yi da shi ba, neman yadda za a wuni tare a rabu lafiya ake yi, kuma hakan ba ya yiwuwa sai wanda aka cinye yana da inda zai jingina laifi. Allon kanti, wanda inji ya yanka daidai, gaskiya yake faɗa tsirara. In 'yar shekara tara ta lallasa surukin gidan a kansa, ba sauran magana, suruki bai iya ba, kuma kowa ya gani. Wa yake son irin wannan gaskiyar ana tsakiyar gasa nama? Amma a kan allon maigida, suruki zai tsuguna ya kanne ido ɗaya ya hango allon, ya miƙe ya ce, "Ai dole, wannan abu ya karkata hagu." Kuma bai yi ƙarya ba, ya karkata ɗin. A yi dariya, maigida ya sha zolaya, girman kowa yana nan. Bayan haka karkatar tana daidaita tsakanin mutane. Saurayin da ya ƙware a filin ajiye motoci kafin wasan ƙwallon Amurka, inda ake yawan buga konhol, hannunsa ya saba da allon ƙa'ida, don haka nan duk jifarsa sai ta kauce. Kaka kuwa, wadda ba ta taɓa ganin wani allo ba sai wannan, ta san in ka nufi ɗan tabon fentin da ke dama, jaka da kanta za ta lallaɓa ta shiga. Masu dara a gindin bishiya da yatsa suke tona gurabensu, ban kuma ji an ce wani ya zo da tef ya auna su ba, wasan bai fasa daɗi ba.

Za a ce min ai asarar kuɗi ce, na kuma yarda. In ka tara kuɗin filawud da tubaifo na farko da na biyu, da noti da fenti da zarton da aka sayo musamman don rami biyu kacal, sau da yawa gara a je kanti. Sai dai lissafin ne a juye. Masu wannan magana suna sa kuɗin zarto cikin kuɗin allo, alhali allon ne aka ƙirƙiro don a sami dalilin sayen zarto. Uwargida ta san haka tun ranar da ya ce "don yara" zai yi, ta dai yi shiru ne don ta ga ya bar kujerar talabijin. Kuma allon kanti mai araha ba waliyyi ba ne, fuskarsa siririya ce, jaka na sauka ta yi tsalle. Na maigida, in ya yi amfani da filawud mai kauri, ko me za a ce da shi ba zai yi tsalle ba, don sai mutum ya yi nishi kafin ya ɗaga shi.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa wasa ba ya zama wasa sai da ma'auni ɗaya ga kowa, kuma daidaiton kaya shi ke kashe gardama. Da ma a ce haka ne. Amurkawa sun gwada. A 2005 aka kafa ƙungiyar konhol ta ACO a Ohayo, a 2015 aka kafa wata mai suna ACL, wasan ya shiga tashar talabijin ta ESPN, aka sami mutanen da sana'arsu ke nan. Aka ƙayyade komai, har jaka: inci 6 kowane gefe, nauyi wajen giram 450. Sai ga shi a watan Agustan 2022, a gasar duniya ta ACL a Rok Hil ta jihar Karolina ta Kudu, inda ake takarar dala 15,000, wani ɗan wasa ya kai ƙarar abokan karawarsa cewa jakunkunansu ba su cika awo ba. Aka auna, ya yi gaskiya. Su kuma suka ce to a auna nasa ɓangaren. Aka auna, su ma ba su cika ƙa'ida ba. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya a gaban 'yan kallo, alƙalai suka ce ba da gangan ba ne, aka ci gaba da wasa. Daga nan jaridu suka shiga ba da labarin yadda wasu ke dafa jakunkuna a ruwan zafi ko su wanke su da ruwan tsami don su yi laushi. Ka ga ma'auni bai kori gardama ba, ya dai ɗauke ta daga kan katako ya ɗora a kan mutuncin mutane. A bayan gidan maigida ba wanda zai dafa jaka, don ba wanda ya san wace irin jaka ce ma za ta dace da wannan allon.

Saura maganar da na san tana cin mai karatu tun sakin layi na farko: wasa da abinci? Ban raina ta ba, mu da aka tarbiyyantar da mu a kan tsince ƙwayar hatsi in ta faɗi. Jaka takwas suna cin masara wajen kilo uku da rabi, tuwon gida guda ke nan. Abin da zan iya cewa shi ne, Amurka ce ta fi kowace ƙasa noman masara, kuma mafi yawan wadda take amfani da ita a cikin gida dabbobi ke ci ko a mayar da ita man mota, irin ta dabbobin ce kuma ake ɗurawa a jaka. Masu wasan suna sonta don tana farfashewa a hankali, garinta ya bi ta saƙar yadin ya shafe allo, jaka ta riƙa sulɓi daidai. Amma masarar ba ta yafe ba, tana ramawa da kanta. In aka ɗinke jakar da layi ɗaya maimakon biyu, ana cikin wasa za ta fashe, tsuntsayen unguwa su sauko walima. In raɓa ta taɓa ta sai fumfuna, in ruwa ya jiƙa ta sosai har tsiro takan yi. Shi ya sa ƙwararru suka koma ɗura ƙwayoyin roba, ni ma a nan ba zan yi musu da su ba. Maigida dai an gaya masa ya zuba jakunkunan a bokiti mai murfi kafin sanyi ya shigo, ya ce to. Ya watsa su saman kanta a garejin mota, ɓeraye da kurege suka yi watanni suna sa masa albarka. Ƙarshen watan Mayu ya zo ya tarar da tsumma takwas, huɗu ja huɗu shuɗi, kowanne da huda a kusurwa. Tun da dole ne ya koma kanti, sai ya tsaya ya ƙura wa ƙafar hagun nan ido, ya ce rabin inci kawai take so a rage mata, ya aika yaro ya ɗauko zarto.