Ku da Kuka Ce An Gama Rubuta Sakamako

Malaman teburin mai shayi! Tun ban buɗe baki ba na san karatun da za ku ja mini: zaɓen ƙananan hukumomi ba zaɓe ba ne, a gidan gwamnati ake rubuta sakamako, hana zirga-zirgar ranar Asabar kuwa yara kaɗai take yi wa rana, su samu filin ƙwallo a tsakiyar titi. To, na ji. Bari ma in ara muku hujja, don na lura zargin kuka iya, lissafin ba ya zama a kanku.

A Janairun 2021, zamanin Ganduje, APC ta kwashe kujerun ciyaman 44 na Kano kaf. Ranar 26 ga Oktoban 2024, zamanin Abba Kabir Yusuf, NNPP ta kwashe 44 ɗin nan, ta haɗa da kansiloli 484, ko ɗaya bai faɗi a hanya ba. Mutanen su ne, unguwannin su ne, hula ce kawai ta yi ja. Zagezagi, ku haɗiye dariyar nan. Ku da kuka ishe mu da kurin na'urar jefa ƙuri'a a 2018, har 'yan adawa suka tsira da 'yan kujeru, a Oktoban 2024 ba duka kujerun ciyaman 23 na jiharku kuka tattara kuka miƙa wa APC ba?

Dalilin ba sai an je wajen mai duba ba. Hukumar zaɓen jiha ce ke shirya wannan zaɓe, gwamna ne ke naɗa shugabanta, daga hannunsa kuɗin aikinta ke fitowa. A Abuja, inda INEC ke gudanarwa, zaɓen Fabrairun 2022 raba daidai aka yi: PDP ta ɗauki AMAC da Bwari da Kuje, APC ta ɗauki Gwagwalada da Kwali da Abaji.

Kun ga har nan muna tare. Yanzu sai ku gyara zama, don kanku zan dawo.

In dai duk wanda jam'iyyar gwamna ta tsayar shi ne ciyaman, ashe zaɓen na gaskiya shi ne fid da gwani ke nan. A nan ake kokawar, kuma ba ta wasa ba. Ɗan majalisar jiha ya zo da yaronsa, kwamishina ya zo da nasa, ɗan majalisar tarayya yana can Abuja yana buga waya, shugabannin jam'iyya na mazaɓu suna ta sintiri tsakanin gidajen manya har tsakar dare. Wani wuri a yi 'yar tinƙe, a ja layi a bayan ɗan takara, wani wuri a tara daliget, galibi kuwa a ce an yi masalaha, wanda aka danne ya fito yana murmushin dole. Gwamna bai san kowane lungu ba. Sunan da ya isa teburinsa mutanen mazaɓa ne suka tura shi, kuma in wata unguwa ta tashi tsaye ta ce ba ta yarda da ɗauki-ɗora ba, akan sake lale, don ba mai son ya ɓata da akwatunan da zai nema a babban zaɓe.

To, a wannan daren kuna ina? Katin jam'iyya ba ku da shi, na mai mulki ko na adawa. Taron mazaɓa ba kwa zuwa, wai na 'yan jagaliya ne. Alhaji na gefen can, kai da kake iya jero 'yan wasan Arsenal har da na benci, don Allah faɗa mana sunan kansilanka. A'a, ban da waiwaye, kada mai shayi ya raɗa maka.

Kuma kujerar da kuke rainawa ba ta banza ba ce. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin ɗari na rabon asusun tarayya. Kasuwa, tashar mota, kwashe shara, maƙabarta, duk tsarin mulkin 1999 ya rataya su a wuyansu, ga hannu a firamare da ƙananan asibitoci. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta ɗora kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Shi ya sa kuka ga jihohi sun yi ta rige-rigen shirya zaɓe a ƙarshen shekarar.

Na ji wani ya ce, “Ai hukuncin a takarda ya tsaya.” Aiwatarwar ta yi tafiyar hawainiya, ban musa ba. Sai dai gwamnonin da kuke cewa sun raina abin, su ba su yi barci a kansa ba, lauyoyi suka ɗauka har gaban Kotun Ƙoli. Ku kuwa ko zuwa sakatariya ku tambayi nawa aka turo wa ƙaramar hukumarku a watan jiya ya gagara.

Alhaji, har yanzu sunan kansilan muke jira. Mai shayi, ƙara masa kofi ɗaya, ni zan biya, ko Allah zai sa ya tuno.