Ire-iren Masu Koyon Zamiyar Telemak

Salon zamiya a kan dusar ƙanƙara da ake kira telemak ya samo sunansa daga wani yanki na kudancin ƙasar Norwe, inda Sondre Norheim, mutumin ƙauyen Morgedal, ya ƙware a kansa, har ya nuna shi a gasar da aka yi a Kiristiyaniya, wato Oslo ta yau, a shekarar 1868. Maɗaurin katakon zamiyar gaban takalmi kawai yake riƙewa, diddige a sake yake, saboda haka mai shan kwana yakan tura ƙafa ɗaya gaba, ya bar ɗaya a baya da diddige a ɗage, ya rusuna, ya raba nauyinsa tsakaninsu kusan daidai. Wahalar duka tana ga ƙafar baya, kuma yawancin ire-iren masu koyo sun samo asali ne daga dabarun da ɗan Adam ya ƙirƙiro don kada ya ɗora mata nauyi.

Mai sauya sheƙa, wanda ya saba da takalmi mai ɗaurarren diddige, yakan tattara nauyinsa a ƙafar gaba, ta bayan kuwa tana biye da shi tana rawa, kuma da ya hango gangare mai tsayi sai ya haɗe ƙafafunsa ya koma gidan jiya. Mai kaya shi kuma ya yi imani cewa laifin na maɗauri ne, don haka ya sayi samfurin NTN da kamfanin Rottefella ya fitar a 2007, yanzu yana faɗuwa a kan kaya masu tsada.

Sarkin durƙuso ya cancanci dogon bayani. Wannan bawan Allah ya fahimci cewa kyawun telemak yana ga rusunawa, sai ya yanke hukuncin cewa wanda ya fi kowa yin ƙasa shi ne gwani. A kowace kwana yakan miƙa ƙafar baya nesa har gwiwarsa ta bugi katako, ya sunkuyar da kai, ya baje hannuwa, kamar saurayin da ya je gaida surukai ranar farko, alhali ƙafar da aka miƙa haka a kan ɗan yatsa take tsaye, ba ta iya danna katako, balle ta juya shi. Ya san amfanin matashin gwiwa fiye da kowa, domin ya cinye da dama. Cinyoyinsa sukan ɗauki wuta tun kafin tsakiyar gangare, amma bai taɓa tsayawa don gajiya ba; yakan tsaya ne don ya kalli duwatsu, yana haki, kuma ba a taɓa samun mai son kallon duwatsu irinsa ba. Idan malami ya ce ya rage tazara tsakanin ƙafafunsa, sai ya amsa da ladabi, ya miƙe na kwana biyu, a ta uku ya koma ƙasa cikin natsuwa.

Ɗan gargajiya yana sanye da takalmin fata mai fil uku, yana riƙe da doguwar sanda guda maimakon biyu, kuma yana ganin takalmin roba da ya bayyana a farkon shekarun 1990 a matsayin bidi'a, ko da yake shi kansa bai kai ga saiwar itace da Norheim ya murɗa ya yi maɗauri da ita ba. Akwai kuma ma'abocin atisaye, wanda ya haddace musayar ƙafafu gaba da baya yayin ratsa gangare, da riƙe sanduna a kwance a gaban ƙirji don kafaɗu su daina juyawa, da monomak, wato shan kwana dama da hagu ba tare da sauya ƙafar gaba ba. Shekara da shekaru yana filin yara yana shiri, kuma an lura cewa daga cikin irinsa ake samun masu rubuta maƙala a kan wasan.

Duk waɗannan kansu suke wahalarwa. Wanda ba a yafe wa shi ne malamin da babu wanda ya naɗa shi, mai tare baƙo a tsakiyar hanya, sau da yawa a bayan tudu inda masu saukowa ba sa hango kowa, ya jero masa gyara bakwai masu karo da juna. Daga nan sai ya ja shi zuwa gangaren da ya fi ƙarfinsa, wai tsoro ne ke koyar da mutum, alhali tsoro kan sa mai koyo ya janye jikinsa baya ya manta ɗan abin da ya iya. Idan baƙon ya faɗi ya murɗe gwiwa, malamin yakan tsaya a kansa yana yi masa bayanin ƙafar da ya kamata a ce ta riga.