A Duwatsun Abzin, Keke Ke Hawan Mutum

Ra'ayina ne, kuma ba na jin nauyin faɗinsa a gaban masu matsattsen wando da hular kwano: duk wanda ya ce ya hau keke daga Agadas zuwa Timiya, a gyara masa zance, keken ne ya hau shi. Tafiyar ta haura kilomita 200, ba kwalta, sai tsakuwa da baƙin dutse a kan tudu, sai rairayi a cikin korama. Mu bi irin wannan jarumi yini guda. Ya yi sammako, ya ba hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27 baya, yana murza feda har da fito. Kafin hantsi ya faɗa koramar farko, tayar gaba ta nutse, keke ya tsaya cak, shi kuwa bai tsaya ba. Ya miƙe yana tofar da yashi, ya kama turi. Yana fita daga yashi sai ga tudu, inda turi ma ba ya yi, sai dai a saɓa a kafaɗa. Azahar ba ta yi ba ƙayar aduwa ta gaisa da tayar baya, mai faci kuwa yana can Agadas yana kurɓar shayi. To, a cikin mutum da keke, wa ya ɗauki wani?

Ga kuma lissafin ruwa, wanda ba a cin nasara a kansa. Lita guda kilo guda ce, kuma a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Ka ɗauki ruwa da yawa, nauyi ya sa ka zufa, ka shanye. Ka ɗauki kaɗan, ba sai na ƙarasa ba. In ka ce bari ka jira hunturu, da dare sanyin dutse zai tuna maka bargon da ka bari a gida don rage kaya.

Za a ce da ni ai 'yan tseren keke na Faransa suna haye mashigar Galibiye mai tsayin mita 2,642, alhali ƙololuwar Bagzan, wadda ba ta da sa'a a duk Nijar, mita 2,022 ce kacal. Gaskiya ne, kuma na jinjina musu. Amma a dubi abin da ke ƙarƙashin tayarsu: kwalta sumul, ga mota a baya ɗauke da ruwa da tayoyi da makanike. Namu jarumin in baƙo ne daga waje, motar da za ta bi shi ta sojojin rakiya ce, kuma ina tausaya wa direban da aka ce ya bi mai turin keke a giya ɗaya tun safe har magariba. Wasu kuma su ce daɗin hawa yana gangara. Haba! Gangaren Abzin a gindinsa korama take kwance tana jira, kuma mun riga mun ga yadda suke gaisawa da tayar gaba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce keke ba ya cin harawa, ba ya tubure maka a tsakiyar hanya. Na yarda, kuma a cikin gari ba ni da abin cewa a kansa. Sai dai jaki, duk da taurin kansa, bai taɓa neman a goya shi ba. Mutanen Bagzan da ƙafa da jakuna suke hawa da sauka, kuma ba rashin sanin keke ya sa ba. Ko Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya nufi Agadas a 1850, takarkari ya hau, tun kafin a san keke mai feda. Da yau ya dawo aka miƙa masa ɗaya, ina kyautata zaton sai ya tambayi inda aka ɗaure san nan nasa.

Ban hana kowa zuwa Timiya ba, lemunta da rummanta sun isa a sha wahala dominsu. Amma don Allah a yi cinikin jaki tun a kasuwar dabbobi ta Agadas, a ɗaura masa keken, in an iso bakin gari a sauke a ɗauki hoto.